Kayan Wani a Cikin Kwamfutata

Litinin, da hantsi

Na tashi da ciwon ƙugu, ƙafar hagu a kumbure har takalmi ya ƙi shiga. Idon hagu dama an gama da shi. Na dama yana aiki, amma kamar mai leƙe ta cikin bututu: abin da ke gabana ina gani, na gefe sai na juya kai. Likita ta ce hawan jinin ido ne, kuma bututun zai yi ta tsukewa. Na tambaye ta zuwa yaushe, ta ce in riƙa ɗiga magani a kan lokaci. Na yi aikin gwamnati, na san irin amsar da ake ba mutum idan ba a son ba shi amsa.

Jiya ɗana ya kawo mini kwamfuta. Kowa Manaja yake ce masa, har matarsa, to ni ma haka zan rubuta. Ta hannu ce, irin mai naɗewa, an goge ta da tsumma amma haruffan da aka fi taɓawa duk sun koɗe. Ya ajiye ta a kan tebur ya ce, "Baba, ga shi, sai ka riƙa ganin Auta da jaririnta a babban allo." Bai zauna ba. Tun da aka dawo da ni ɗakin nan na baya bai taɓa zama a cikinsa ba.

Auta ta haihu a can ƙasar da mijinta ke aiki. Namiji ne. Na ji kukansa a waya. Surukata, matar Manaja, ta nuna mini shi a wayarta, na ga wani abu kamar ɗan yatsa a cikin tawul, na ce masha Allah don kada ta ji ba daɗi. Ina so in ga yaron nan da fuskar uwarsa tun bututun bai rufe ba. Iyakar abin da nake nema ke nan.

Talata, bayan la'asar

Surukata ta shigo ta kunna mini ita. Ta tashi lafiya, allon da haske sosai, har na iya karanta manyan haruffa. Da ta zo saka abin da ake kira a ga juna da shi, sai wani akwati ya fito ya tare hanya. Ta bi ta wata hanyar, nan ma a rufe.

Ta ce, "Baba, wai sai an sa kalmar sirrin admin."

Na ce, "Wane ne shi?"

"Shi ne mai gida a cikin kwamfutar. Mu ta ƙofar baƙi muka shigo. Baƙo ba ya saka komai, ba ya cire komai."

Na ce na gane sarai. Ta ɗan tsaya tana kallona, sannan ta ce ta bar abu a wuta.

Bayan ta fita na kai hancina dab da allon. A saman wurin da ake rubuta kalmar akwai ɗan hoto. Wata tsohuwa ce a kan kujerar roba, ta kare ido da tafin hannu saboda rana, tana yi wa mai ɗaukar hoton dariya. Haƙorinta ɗaya na gaba babu. A ƙarƙashi mai kwamfutar ya bar wa kansa tuni: abin da Mama ke ce mini.

Laraba, da safe

Manaja ya ce zai turo mai gyara. Ta taga ya faɗa, yana tafiya.

Alhamis, da yamma

Mai gyaran ashe Injiniya ne na bakin mahaɗa, wanda ya daɗe yana gyara mini rediyo kafin duniya ta koma kwamfuta. Gemunsa ya yi fari, tabaransa har yanzu da zare yake ɗaure.

"Baba Akawu, kana nan da ranka? Na ɗauka rediyon nan naka ne zai binne ka."

Na ce rediyon ne ya riga ni. Ya waiga yana nemansa a ɗakin, ya ga gado da tebur da kujera, sai ya fasa tambaya. Na gode masa a zuciyata.

Ya karanta tunin nan ya fashe da dariya. Ya fara bugawa yana faɗa da ƙarfi: Shalele, Dogo, Ɗan Baƙi. Ya ce shi dai tasa uwar Ɓarnau take ce masa, bari ya gwada. Na ce ya bari. Sunan da uwa ke kiran ɗanta ba abin wasan mutanen waje ba ne. Ya ce to, ya ciro filashi, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, daga aljihun riga.

Ya yi mini bayani, kuma na fahimta. Ba za a bar kwamfutar ta tashi da kanta ba. Za a tashe ta daga filashin, a zagaya ta baya, a je inda kalmar sirrin take a cire ta, kamar a zare kwaɗo daga ƙofa ba tare da an taɓa kayan ɗaki ba. Sai a sa sabon kwaɗo, a ba ni mabuɗi. Na yarda, da sharaɗin ba za a buɗe kayan mutum ba. Ya danna wani maɓalli ya yi ta dannawa, allon ya yi baƙi, ya dawo shuɗi da rubutu. Injiniya ya ja tsaki.

"Kwamfutar ofis ce. Sun kulle faifan ajiyarta gaba ɗaya, ta baya ma ba a shiga. Wata doguwar lamba yake nema, kuma tana wurin masu ofishin."

"To yanzu fa?"

"Sai a share."

"A share me?"

"Komai da komai. Ta dawo sabuwa fil, kai ne admin. Kafin magariba kana hira da jikanka."

"Kayan mai ita fa?"

"Sun tafi."

"Tsohuwar nan?"

"Har ita."

"Ka tabbata yana da wani kwafin a wani wuri?"

"Haba Baba Akawu, ina zan sani? Ko sunansa ban sani ba."

Na ce to ya zare filashinsa. Ya ɗauka wasa nake yi.

Ni a ɗakin ajiyar fayil na yi aikina tun ina saurayi har na yi ritaya. Abu na farko da aka koya mana, tun kafin a nuna mana inda ake zama, shi ne ba a ƙona fayil sai an nemi mai shi. Ko na mamaci ne, ko gara ta ci rabinsa, sai an nemo magaji ya gani da idonsa ya sa hannu. Akwai wanda muka yi ta kawar da shi daga kanta zuwa kanta har na tsufa, don ba a sami mai shi ba. Na gaya wa Injiniya haka. Ya ce, "Wancan zamani ke nan." Na ce ban sami sanarwar soke dokar ba.

Ya ce in na shirya in kira shi.

Juma'a, da hantsi

Auta ta kira. Ta ce yaron ya fara bin haske da ido. Ta ce, "Baba, ka sa a ɗauko mini hoton Mama da waya, wanda take riƙe da ni a bakin tsohuwar motarka. Ina so in ga ko goshinta ya ɗauko." Na ce layin ba shi da kyau, ba na jin ta sosai.

Layin ƙalau yake.

Asabar, da rana

Na juya kwamfutar, a ƙasanta akwai takarda manne da sunan wani kamfani da lambar waya. Da gilashin ƙara girma na karanta. Na buga, wata murya ta ce lambar ba ta aiki. Na sake bugawa, ta maimaita, ko gajiya ba ta yi.

Litinin, bayan azahar

Na tambayi surukata inda aka sayo ta, ta faɗa mini ba da son ranta ba. Na ɗauki sandata na tafi. Shago ne a bene na biyu, matakalar ba ta da abin dafawa. Kwamfutoci jibge a kan juna har rufi. Mai shagon yana cin abinci da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗaya.

Na ce ina neman wanda ya mallaki wadda aka sayar wa ɗana. Ya ce a gwanjo ya kwaso su, wani kamfani ne ya rushe.

"Ba ka rubuta wacce ta wane ce ba?"

"Baba, kai in ka sayi riga a gwanjo, neman mai ita kake yi ka gaishe shi?"

Na ce in na sami abu a aljihun, i. Maƙwabcinsa ya leƙo yana dariya, ya ce irinmu sun ƙare. Ban san ko yabo ne ba. Ya dai kwatanta mini inda kamfanin yake a da.

Saukowa ta fi hawa wuya. Ban ga matakin ƙarshe ba.

Talata

Gwiwa.

Laraba, da yamma

Na je duk da gwiwar. Ginin yana nan, an yi masa sabon fenti, yanzu wurin sayar da tayil ne. Maigadin ya ba ni bencinsa don ya ga ina haki. Ya ce shi ma sabo ne, amma ya ji labari: ranar da aka rufe kamfanin, ma'aikata sun zo da safe suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ba a bar kowa ya shiga ba. Ko kofin shayinsu ba su ɗauka ba.

Wato mutumin nan bai sami damar kwashe kayansa ba. Ya tafi gida wata rana da yamma yana ganin gobe zai dawo ya tarar da komai inda ya bari.

Na san wannan. Ba zan rubuta yadda na sani ba.

Alhamis, da safe

Zazzaɓi. Ranar jiya ce ta buge ni. Na zubar da maganin ido a kumatu, ban sami idon ba sai da na sake.

Asabar, bayan la'asar

Manaja ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa, makullin mota a hannu yana kaɗawa.

"Baba, an ce ka fita har cikin gari kai kaɗai. Da mota ta buge ka fa? Me mutane za su ce?"

Na ce su ce mota ta buge ni.

"Na saya maka abu don ka ji daɗi, ka mai da shi shari'a. Injiniya ya ce aikin ba ya ɗaukar lokaci. A share mana kawai. Tarkacen wani ne."

Na ce ya maimaita.

"Me?"

"Kalmar da ka faɗa."

Ya daina kaɗa makullin. Tarkace. Kalmar ke nan da ya yi amfani da ita ranar da aka sallamo ni daga asibiti, da na tambayi akwatin uwarsa da kabad ɗina. Ita ɗin ce, ko harafi bai canja ba.

Ya ce, "Baba, sau nawa zan ba ka haƙuri? Masu aiki ne suka kwashe, ni ina ofis. Likita ce ta ce kada ka ƙara hawa bene."

Na ce likita ba ta ce a kira motar shara ba.

Na yi niyyar ba zan rubuta wannan ba. Ga shi na rubuta, kuma ba na goge abin da na rubuta.

Ya fita. Na ji yana ce wa matarsa tsufa ne. To tsufa ne mana. Da ƙuruciya ce ai da na sauko daga gadon asibitin na tare ƙofa.

Lahadi, da hantsi

Na kunna ta na zauna da tsohuwar. Ba na taɓa komai, kallo kawai. A bayanta akwai igiyar shanya da wani abu ja a kai. Ina jin ɗanta ne ya ɗauki hoton, don ba a yi wa bare irin wannan dariyar. Ko tana raye, ko ta rasu. In ta rasu, wataƙila sauran hotunanta duka suna cikin nan, a bayan kwaɗon, shi kuma yana can wani wuri yana ƙoƙarin tuna wane gefe ne haƙorin ya fita.

Ni yau na kasa tuna ko marigayiya tana da tabo a haɓa ne ko a ƙasan kunne. Babu inda zan duba.

Talata, bayan azahar

Maganin zazzaɓin yana sa ni barci da rana. Na farka na ji ana magana ƙasa-ƙasa. Sai da na juya kai sosai kafin na gan su. Injiniya a kan kujerata, filashi a jikin kwamfutar, surukata a tsaye a kansa tana cewa ya yi sauri.

Ban san inda na sami ƙarfi ba. Na fizge filashin na jefar. Na ce masa ɓarawo. Na ce da shi da masu fasa gida bambancinsu tabarau. Na faɗi wasu abubuwan kuma.

Surukata ta ce, "Baba, wallahi don kai ne. Manaja ne ya ce a yi maka ba-zata."

Na ce an taɓa yi mini ba-zata, ta ishe ni.

Injiniya ya durƙusa yana laluben filashinsa a ƙarƙashin gado. Da ya miƙe ya kaɗe gwiwar wandonsa ya ce, "Aiko ni aka yi, aka ce ka yarda. Tun ina yaron shago nake shiga gidanka, Baba Akawu. Ko batir ban taɓa ɗauka ba." Ya ce bai kai ga danna komai ba, kayana suna nan. Kayana, in ji shi. Bai yi sallama ba.

Laraba

Ba wanda ya shigo sai tire. An ajiye a bakin ƙofa an ƙwanƙwasa.

Alhamis, da yamma

Auta ta kira, an riga an gaya mata komai, ko kuma rabin komai.

"Baba, don Allah. Matar da ba ka taɓa gani ba ta fi jikanka?"

Na ce ba haka ba ne.

"To yaya ne? Kullum sai na yi masa wanka na sa masa kaya masu kyau, ko yau za a ce an gyara. Yayana ya ce kai ka hana."

Da na gaya mata dalili, sai na gaya mata inda hoton Mamanta ya tafi. Daga nan ita da yayanta sun gama har abada, kuma su biyu kaɗai zan bari. Na ce mata tsufa ne. Sai ta kara wayar a bakin yaron. Yana wani gurnani kamar kurciya. Na ce masa ni ne, kamar zai tambaya.

Asabar, da safe

Asibiti. Likita ta sa ni kallon cikin wata na'ura in danna duk lokacin da na ga ɗigon haske. Na daɗe ina jira a fara. Ashe an fara.

Ta ƙara mini wani maganin. Wannan karon ban tambaye ta komai ba.

Litinin, da rana

Na sake buga lambar kamfanin. Muryar nan.

A wurin aiki, idan an nema an rasa mai fayil, ana mayar da shi kanta a jira. Ba a taɓa cewa sai yaushe ba, domin ofis ba ya tsufa, wani akawu yana tafiya wani yana zuwa. Ba wanda ya rubuta abin da za a yi idan akawun shi kaɗai ne, kuma shi ne ke ƙarewa.

Laraba, da hantsi

Na kunna ta. Na kai hancina har ya taɓa allon. Kujerar ina ganinta, hannun da ta ɗaga ma ina gani. Fuskar ce babu, sai wani duhu-duhu mai zagaye. Na goge allon da hannun riga. Na ɗiga magani na jira. Na rufe labule, na buɗe labule.

In fuskar da na haddace ta ɓace mini, ina ga wadda ban taɓa gani ba.

Na kira Injiniya. Ya daɗe bai ɗauka ba.

"Wa ke magana?"

Ya san lambata. Na ce Akawu ne. Na ce na shirya, ya zo ya share.

"Ka sami mai ita ya sa hannu?"

Na ce ban samu ba. Na ce maganar ranar nan, zazzaɓi ne. Ya ce ai ba komai, da irin muryar da ake cewa ba komai idan da komai. Ya ce aiki ya yi masa yawa, amma zai leƙo Juma'a da yamma in Allah ya yarda.

Duk wanda kake, mai kwamfutar nan, na nema. Na je shagon, na je ginin, na buga lambar. Ba ka sa hannu ba, kuma zan sa a share. Ka ce mini abin da na ce wa Injiniya, ba zan musa ba.

Alhamis, da yamma

Na gaya wa Auta gobe ne. Ta yi ihu har yaron ya tsorata. Ta ce zai sa shuɗiyar riga don in gane shi da sauri, kuma za ta zauna kusa da taga saboda haske. Na ce ta matso da fuskarta sosai, ta cika allon. Ta ce, "Ai ka san fuskata, Baba." Na ce duk da haka.

Juma'a, bayan la'asar

Na yi aski da kaina, da lalube, na yanke a haɓa. Na sa farar riga. Na roƙi surukata aron kujera ta biyu, ta kawo, har ta haɗo da kofi biyu. Na jona kwamfutar da wuta tun da rana don kada ta mutu ana tsakar aiki. Na bar ƙofa a buɗe.

Babur ya tsaya a waje, na miƙe. Mai kawo gas ne.

Na buga wa Injiniya, tana shiga ba a ɗauka. Na sake, a kashe.

Auta ta kira tana tambaya ko an fara. Ta ce yaron ya yi tumbiɗi a shuɗiyar rigar ta wanke ta busar da ita da abin busar da gashi, ta sake sa masa. Na ce ta ɗan ƙara haƙuri, mai gyara yana hanya.

Juma'a, da magariba

Shayin ya huce. Layin takardar nan ba na ganinsa, ina jin rubutun yana hawa kan juna. Surukata ta zo ta tambaya ko ta ɗauke kujerar, na ce ta bar ta.

Injiniya bai zo ba.